Ni da tawul a ɗan banɗakinmu, tun daga watan Agusta

Lahadi, 3 ga Agusta 2025

Na ce bari dai in fara rubutawa, don ƙananan kuɗin da nake zubawa a gyaran gida wallahi ba na sanin inda suke shiga. Matsalar tawul ce. Da rani muka tare a gidan nan, lokacin ko a hannun kujera ka yar da tawul kafin ka gama shafa mai ya bushe ƙarau, ban san akwai wata matsala ba sai da damina ta kankama. Mu huɗu ne, ni da Abban yara da yara biyu, banɗaki ɗaya muke shiga, kuma ƙusa ɗaya tal mutanen da suka tashi suka bar mana a jikin bango, ita ma ta yi tsatsa har ta sa wa farin tawul ɗina jan tabo. A kanta muke jibga tawul uku wani kan wani, na ƙasan ba ya taɓa bushewa. Yau da safe na goge fuska na ji wani irin bashi kamar tsumman mofa, alhali shekaranjiya na wanke shi.

Ba ni da tef, sai na ƙirga tayil ɗin ƙasa. Kowanne santimita 30 ne, huɗu a faɗi shida a tsawo, wato 120 da 180. A ɗan wannan wurin akwai masai na zama, ɗan sinki, shawa da babu abin da ya raba ta da sauran wurin, bokiti biyu, buta biyu da bahon wankan auta. Taga ɗaya ce can sama kusa da silin, ba ta fi faɗin tire ba.

Abin da nake so: kowa da wurin rataye nasa, da kuma inda zan ajiye wankakku. Na ware dubu goma.

Talata, 5 ga Agusta

Na tambayi Baba mai kula da gidan ko zan iya huda bango. Ya ce "Hajiya ki rufa min asiri, Alhaji ba ya son a taɓa masa tayil, wancan da ya tashi sai da aka cire masa a kuɗin ajiya." To shikenan, an bar maganar huji.

Na leƙa Ƙofar Wambai wajen masu kayan roba na sayo ƙugiyoyin nan masu gam a baya, shida a fakiti, ₦1,800. Adaidaita zuwa da dawowa ₦800.

Laraba, 6 ga Agusta

Na wanke tayil ɗin da omo, na goge ya bushe, na manna huɗu a jere, na bar su kwana ɗaya babu kaya kamar yadda aka zana a bayan fakitin. Sun yi kyau kam.

Asabar, 9 ga Agusta

Kwana biyu suka yi. Da asuba ina kwance na ji "tas" sannan na ji "cuɓul", ban ma tashi ba na san me ya faru. Wadda ta fi kusa da masai ce ta ɓalle da babban tawul ɗin Abban yara, kuma babbar 'yata ta shiga da daddare ta bar murfin a buɗe, rabin tawul ɗin a ciki rabi a waje. Ya fito zai yi alwala ya tsaya yana kallo, ya ce "Maman yara, wannan ne zamanin da kika ce za ki kawo mana?" Ban ce ƙala ba. Na sa leda a hannu na tsamo shi, na jiƙa da Hypo na wanke sau biyu, amma ya ce ko da zamzam aka wanke shi ba zai ƙara taɓa jikinsa ba, ni ma gaskiya ban ga laifinsa ba. Ya koma tsumman goge tsakar ɗaki. Tawul ɗin da aka kawo masa tsaraba daga Saudiyya, mai kaurin nan.

Kaurin ne ma ya ja. A bushe ba shi da wani nauyi, amma in ya sha ruwan wanka sai ka ji shi kamar ka ɗau jariri, ga tururin ruwan zafi kullum safe yana ratsa gam ɗin, ga yara ba ɗagawa suke su zare ba, fizgowa suke ƙasa. Da na duba bayan wadda ta faɗo, gam ɗin ya yi laushi kamar cingam ɗin da aka tauna. Kuma tayil ɗinmu ba mai santsi ba ne sosai, yana da ɗan zane mai tudu-tudu, kenan ba duka gam ɗin ne ya kama ba tun farko. Kafin la'asar ta biyu ma ta bi sahu. Sauran biyun na bar su, soso da abin goge ƙafa na rataya, wannan dai suna iya ɗauka.

Sabon tawul daga Kantin Kwari sai ranar Litinin.

Litinin, 11 ga Agusta

Tawul ₦6,500. Na zaɓi mara kauri sosai da gangan. Mai shagon yana ta nuna min masu nauyi wai su ne na manya, na ce Malam ni mai saurin bushewa nake nema.

Talata, 12 ga Agusta

Wata maƙwabciyata da ke sarin kayan gida ta kawo min maratayin nan da ake saƙalawa a saman ƙofa, mai ƙugiya biyar, ₦3,500, ba huji ba gam. Na yi murna na ce ai an gama. Ashe ƙofar banɗakinmu ta alminiyam ce siririya, shi kuma an yi shi ne don ƙofar katako mai kauri, sai ya zauna yana reto, kuma tsakanin saman ƙofar da firam ɗinta ko takarda da ƙyar take wucewa, da na saƙala shi ƙofar ta ƙi rufuwa gaba ɗaya. Banɗakin da ba ya rufuwa kuwa ba magana. Kunya ta hana ni mayar mata. Na kai shi ƙofar ɗakina, hijabai suka samu gida.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ruwa tun dare har azahar. Babu shanya. Tawul a bayan kujerun falo, fanka a kai in an kawo wuta.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na bar maganar ratayewa tukun na koma kan ajiya. Hotunan nan da nake gani na banɗakin Turawa, tawul a nannaɗe kamar tabarma an jera a kwando, su suka ruɗe ni. Na sayi kwandon roba mai ramuka ₦2,500, na nannaɗe wankakku guda biyar na ɗora a kan tankin masai. Na ɗau hoto na tura wa ƙanwata ta ce kamar otal.

Asabar, 23 ga Agusta

Otal ɗin ya rushe. Na zaro na ƙasa zan ba auta na ji shi da sanyi-sanyi kamar ba a taɓa shanya shi ba, na warware sai ga ɗigo-ɗigon baƙi na fumfuna a gefe, kuma da na ɗaga na kusa da shi kyankyaso ya fito a guje ya bi hannuna, ihun da na yi har Baba ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko lafiya.

Na zauna a bakin gado na yi tunanin abin da kyau. Masu hotunan nan wurin wankansu a killace yake da gilashi ko labule, ƙasa a bushe, wasu da fankar zuƙe tururi a silin. Mu kuwa in mutum ɗaya ya yi wanka da bokiti har murfin masai sai ya jiƙe, ga alwala sau biyar a rana, ga wanke wa yara jiki, ƙasan banɗakin nan daga asuba zuwa isha'i ba ya bushewa, kuma Agusta ne, watan da ruwa ya fi yawa a Kano, iskar waje ma a jiƙe take balle ta ciki. Auduga kuma jan laima take ko ba a taɓa ta ba. Wato ni da hannuna na ɗauki busassun tawul na kai su inda za su jiƙe. Ga wani abin da Umma ta faɗa da na ba ta labari a waya, ta ce "ke yanzu abin da za ki goge fuska ki yi salla shi kika ɗora a kan masai?" Na rasa amsa.

Na kwashe su duka na sake wankewa. Wankakku daga yau a sif ɗin ɗaki za su zauna, kanta ta biyu, na matsar da zannuwan gado. Kwandon ya koma kicin, albasa.

Abin da ya rage kenan guda ɗaya ne: inda wanda ake amfani da shi zai bushe tsakanin wankan safe da na yamma. Ƙugiya ma na fara shakkarta, don a dunƙule tawul yake sauka a kanta, cikin ninkin ba ya samun iska. Sanda nake so wadda za a baza shi. Sanda kuma sai da huji.

Litinin, 25 ga Agusta

Abban yara ya kira mai gidan da kansa. Ya yarda, da sharaɗin in za mu tashi mu bar masa sandar a wurin, in kuma tayil ya fashe mu za mu gyara. Ashe tun farko tambaya ce kawai ba a yi ba.

Asabar, 30 ga Agusta

Asabar ɗin ƙarshen wata, tsaftar muhalli, sai bayan ƙarfe goma na samu fita. Na nufi France Road a Sabon Gari wajen masu kayan famfo. Ƙanina ya ce in tafi da maganaɗisu, na ciro na jikin firij mai siffar lemo na jefa a jaka. Shagon farko duk sandunan suna walƙiya, kowacce a ce maka "sitenles ce Hajiya", na ɗora ɗan lemona ya manne ɗam, yaron shagon ya yi dariya ya ce to wannan fenti ne a kan ƙarfe. Irin su ne in ruwa ya samu ƙofa suke kumbura su yi tsatsa daga ciki.

Amma wani dattijo a shago na uku ya ce min kada in dogara da maganaɗisun kaɗai, don sitenles ɗin ma iri-iri ne, akwai 304 akwai 201, kuma dukansu biyu ba su cika kama maganaɗisu ba. Ya ce 304 ɗin ya fi sinadarin nikel, shi ne ke jure wurin ruwa, 201 ya fi araha amma a wuri mai laima yana fara ɗige-ɗigen tsatsa. Ƙarfe mai fenti kawai maganaɗisu yake tonawa asiri. Ya nuna min lambar a buge a jikin gindin sandar, ya kuma ce in ɗaga in ji nauyi. Na ji daɗin mutumin nan, bai yi min rantse-rantse ba.

Sanda mai santimita 60, ₦11,000 bayan ciniki. Ƙugiya biyu masu sukuru na yara ₦2,400. Bakin diril na tayil, mai kai kamar mashi, lamba 6, ₦2,000, don ƙanina ya ce abokinsa da zai yi aikin na siminti kawai gare shi. Mota ₦1,000. Dubu goman da na ware tuni ta zama tarihi.

Lahadi, 31 ga Agusta

Kai, ni dai. Na shimfiɗa tawul a gado na ɗora sandar a kai, tawul ɗin ya fi ta faɗi. Babban tawul na wanka faɗinsa 70 ne tsawonsa 140, ni kuma na sayo 60, kuma cikin 60 ɗin ma gindin nan biyu sun cinye wani abu. Kenan sai an ninka shi ko an tattare, an koma gidan jiya. Banɗaki na auna, tawul ɗin da ake yi domin shi ban auna ba.

Talata, 2 ga Satumba

Na koma. Dattijon ya karɓa ba musu tunda ban yage ledar ba, ya ba ni mai 80 na cika ₦3,000. Mota ₦1,000 kuma.

Asabar, 6 ga Satumba

Ranar huji. Jiya hutun Maulidi ne, na so a yi jiyan amma yaron, abokin ƙanina mai aikin, ya ce suna da hidima. Yau ya zo ƙarfe tara babu wuta, ya zauna a tsakar gida yana danna waya har sha ɗaya da rabi, na ba shi shayi da burodi, har na fara tunanin roƙon maƙwabta su ja mana waya daga janareto sai ga ta an kawo.

Wurin da na zaɓa bangon da ke ƙarƙashin taga ne, nesa da masai, sama da inda ruwan wanka ke fantsama. Ya fara tambayata ta ina bututun ruwa ya bi, na ce ina zan sani. Ya ce yawanci daga kan famfo ko shawa miƙewa suke sama ko ƙasa ko gefe a saiti ɗaya, don haka kada a huda daidai saitin kowane famfo, kuma bangon tagar babu komai a jikinsa, da sauƙi. Ya manna salatif na takarda a kan tayil ya yi alama da biro don kada bakin ya zame, ya kashe bugun diril ɗin ya bar juyi kawai, yana yi a hankali ni kuma ina ɗiga masa ruwa da murfin gora don kada bakin ya yi zafi. Ramin farko lafiya, na biyu lafiya, na uku lafiya. A na huɗu wuta ta yi ƙasa kamar za a ɗauke, sai ya yi sauri, ya kunna bugun tun bai gama ratsa tayil ɗin ba, ga alamar ta faɗo kusa da gefen tayil, ba ta fi yatsa biyu ba. Na ji "ƙas". Tsaga ta tafi daga ramin har kusurwa, tsawon ɗan yatsa.

Ya ce "Anti yi haƙuri, wallahi tayil ɗin ne babu siminti a bayansa." Na ƙwanƙwasa da cokali, gaskiya ne wurin yana ƙara kamar ganga, masu aikin farko ɗigo-ɗigo suka sa simintin suka manna. Amma saurin nasa ma ya taimaka, na dai yi shiru don abokin ƙanina ne. Ni ma da laifina, da na matsar da sandar yatsa uku gefe ramin zai faɗa tsakiyar tayil, ko ma cikin layin da ke tsakanin tayil biyu.

Ba a nan ta tsaya ba. Bulon mai rami ne, a ramuka biyu bakin diril ɗin ya wuce fuu cikin iska bayan ɗan kauri kaɗan, robar nan da suke ce wa fisha da ta zo a kwalin gajera ce, ya buga ta sai ta shige ta faɗa cikin bulon muna jin saukarta. Sai da ya fita ya samo dogaye a wurin wani mai wayarin, irin masu naɗewa a bayan bulo in an ɗaure sukuru. Da su ta kama. Na rataya bokiti da rabin ruwa a jikin sandar don gwaji, ko gezau.

Ƙugiyoyin yara ya sa su a bangon bayan ƙofa daidai tsayinsu, wannan karon a layin tsakanin tayil, babu abin da ya fashe. Kuɗin aiki ₦4,000, da na yi niyyar biyar.

Litinin, 8 ga Satumba

Silikon fari ₦3,500, tsada don ɗan tsagin nan amma ba a sayar da rabi. Na cike tsagar na shafe da yatsa da ruwan sabulu, na zagaye gindin sandar ma don kada ruwa ya bi ramin ya shiga bango. In ba ka san wurin ba sai ka matso za ka gani. Na nuna wa Baba da kaina tun kafin ya gano, ya duba ya ce ba komai, amma na ga ya ɗauka a waya.

Laraba, 10 ga Satumba

Tawul ɗin safe ya bushe kafin magariba, a baze, taga a buɗe. Na farko kenan tun Yuli.

Asabar, 13 ga Satumba

Sanda ta yi aikinta amma tsofaffin tawul biyu da zarar sun jiƙe bashin yake dawowa, ya riga ya zauna a cikin zaren. Na sayo farin khal ₦1,600. Na tafasa ruwa na zuba a baho, rabin kofi na khal, na jiƙa su kamar awa ɗaya, sannan na wanke da omo kaɗan, na yi ɗauraya har sau uku. Ashe da can omo nake cikawa, ɗauraya ɗaya ko biyu in matse, ragowar kumfar ta maƙale ta riƙe datti. Ruwan ƙamshin nan mai laushin kaya ma na daina sa wa tawul, shi ke sa ya yi santsi ya ƙi shan ruwa. Kuma don Allah duk mai gwadawa kada ta haɗa khal da Hypo a ruwa ɗaya, iskar da suke fitarwa guba ce, balle a ɗan banɗaki irin namu. An samu rana yau, na baza su a igiya tun sha ɗaya har la'asar. Ɗaya ya warke sarai, ɗayan da saura kaɗan.

Laraba, 17 ga Satumba

Rigima sabuwa: sanda ɗaya, manya biyu. In na baza nawa ya zo ya ɗora nasa a kai. Mun yi yarjejeniya, wanda ya riga wanka ya fita da nasa igiyar baranda in babu hadari, na ƙarshe ya samu sanda. Tunda shi yake riga fita, kusan kullum ni ce da sanda, bai lura ba tukun.

Asabar, 20 ga Satumba

Na yara kullum a ƙasa nake tsintar su, suna rataya su zame. Na kai wa telan bakin layi ya ɗinka musu ɗan madauki da ragowar bayas a tsakiyar dogon gefen, ba a kusurwa ba, don in a kusurwa ne jelar tana jan ƙasa. ₦500. Ja na yayar, shuɗi na auta, faɗan "ta ɗaukar min nawa" ya ragu. Nasu ƙanana ne marasa kauri, ƙugiya ta ishe su.

Asabar, 27 ga Satumba

Na ga wani siririn jan layi yana gangarowa daga gindin sandar ta hagu. Gabana ya faɗi na ce shikenan dattijo ya yi min. Na zare murfin gindin na duba, sandar ƙalau take, sukurorin ne suka yi tsatsa, waɗanda yaron ya zo da su tare da dogayen fisha, baƙin ƙarfe ne zalla. Ƙanina ya sayo na sitenles guda takwas ₦1,200, ya canja su ɗaya bayan ɗaya da sukudireba don kada sandar ta sauka gaba ɗaya, har na ƙugiyoyin yara. Na goge tabon da lemon tsami.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu, na zauna na haɗa lissafi: ₦46,300. A ciki ₦15,100 na ƙugiyar gam ne da motarta da maratayin ƙofa da kwando da tawul ɗin da ya faɗa masai. Abban yara ya ga takardar ya ce da kuɗin nan ai da an yi wa kowa sabon tawul biyu-biyu, na ce da duk sun yi bashi tare.

Ruwa ya fara ja baya, in hunturu ya shigo ma bushewar ba za ta zama abin magana ba, sai dai ƙura, lokacin rufe tagar zan dinga yi. Abin da ke gaba: labulen roba tsakanin shawa da sauran wurin, da sandar nan mai sifirin da ke tokare bango da bango ba huji, faɗin 120 ne, wannan karon na ari tef na auna sau biyu. Sai sanda ta biyu a ƙarƙashin ta farko ko mai hawa biyu, amma ba yanzu ba, sai kafin damina mai zuwa, kuma sai na ƙwanƙwasa kowane tayil da cokali kafin a sa masa diril. Silikon ɗin ya ragu fiye da rabi, na toshe bakinsa da ƙusa na naɗe da leda, gefen sinki ma yana ɗan yoyo, gobe in na dawo daga kai yara makaranta zan duba shi.